Amsoshin Wasiƙunku: "Rauhani Ya Ce In Kaɗa Shanun Huɗata Kasuwa"

   

Yau wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin kuwa ta isa ta cika filin. Ta fito ne daga wani ƙauye a ƙasar Illela ta Jihar Sakkwato, kuma mai ita ya gama mu da girman Allah mu sakaya sunansa da na garinsu. To, mun sakaya. Ga abin da ya ce, yadda ya faɗe shi:

"Bayan gaisuwa mai yawa. Malam, ni dillalin albasa ne, ina tara ta manoma in kai Illela ran Lahadi, wani lokaci in ƙetara Ƙwanni ran Laraba. Wani da munka saba da shi a kasuwa ya kai ni wurin wani malami baƙo da ya kama ɗaki a bayan gari. Da munka shiga anka kashe fitila, anka tada turare, anka ba ni wani ruwa na sha, sai ga murya daga sama tana kiran sunana da na mahaifiyata, har ta faɗi yawan buhun da na saida makon da ya wuce. Malamin ya ce rauhani ne. Ran farko na aje naira 20,000 cikin ƙwarya, da safe na iske 40,000. Daga nan na kai 600,000, kuma rabi ba nawa ba ne, na masu albasa ne. An ba ni akwati a kulle, an ce kar in buɗe sai bayan kwana 21. Yanzu an ce rauhani ya yi fushi don turaren da na saye bai kai ba, sai na kawo wasu 900,000, in ba haka ba kuɗin su koma takarda, ni kuma in haukace. Ba ni da abin saidawa sai shanun huɗata guda biyu. An sa na dafa Alƙur'ani ba ni gaya ma kowa. Malam, shin kiran rauhani gaskiya ne? Ai kakanninmu sun yi bori, malamai kuma suna da littattafan wannan aiki. In saida shanun?"

To, ɗan'uwa, bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don ko rediyonka ya mutu a tsakiyar magana ka riga ka ji ta. Kada ka sayar da shanun nan. Kada ka kai ko sisi. Ka bar su a turkensu, ka zuba musu harawa, damina na tafe. Sauran bayani kuma ga shi nan.

Ka gama abu uku a tukunya ɗaya, wato bori, da littattafan malaman tsibbu, da kuma wannan ɗaki da aka kai ka. Shi mutumin naka haka yake so ka gama su, domin a inuwar biyun farko yake fakewa. Bari mu rarrabe su.

Bori dai tsohon abu ne a ƙasar Hausa, ba mai musun wannan. A Gobir har sarauta gare shi, don Inna, 'yar gidan sarauta, ita ce uwar 'yan bori, kuma Gobirawan Tsibiri da na Sabon Birni sun san wannan sarauta. Can tsallake kusa da Ƙwanni akwai Massalata, inda Azna ke taruwa su yi arwa, wato duban yadda shekara za ta kasance. Amma ka lura da yadda ake yin bori. A fili ake yinsa, gaban jama'a, da garaya da goge da ƙwarya. Maroƙi ya kaɗa taken iska, iska ya hau dokinsa ko goɗiyarsa, kowa na kallo. In Malam Alhaji ne ka gan shi a duƙe yana tari kamar tsoho, da carbi a hannu. In Sarkin Rafi ne ka ga tsalle da faɗuwa. Wanda ke neman magani a yi masa girka, a ce ya kawo akuya mai launi kaza ko zane iri kaza. Ba yabon bori nake yi ba, kowa ya san hukuncin da malamanmu suka yanke a kansa. Abin da nake so ka gani shi ne, ko 'yan borin ba su taɓa cewa iskokinsu na buga takardar kuɗi ba. Kai, iskan da aka fi sani da harkar kuɗi a cikinsu ma shi ne Ɗan Galadima, shi kuwa almubazzari ne, ɗan caca, in ya hau sai ya rabar da abin da ke hannun dokinsa kaf. Ka ji wanda za a ba ajiyar jari!

Sai littattafai. Wannan ma gaskiyarka, akwai su. Wanda ya fi suna shi ne Shamsul Ma'arif, da ake jingina wa Shaihu Ahmad al-Buni, mutumin ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu wajen shekarar 1225. Masu bincike sun nuna cewa babban bugun da ake sayarwa a kasuwa an yi ta yi masa ƙare-ƙare bayan rasuwar mai shi, kuma malamai da yawa sun hana karanta shi. A irin waɗannan littattafai ne ake samun zancen halwa ta kwana 7 ko 40, da barin cin nama da duk abin da ya fito daga mai rai, da jan wasu sunaye adadi kaza, da turare, da zana hatimi, wai har hadimi ya bayyana ya yi wa mutum hidima. Mu nan ƙasar Hausa ma mun yi gwani a wannan fanni, Muhammadu al-Katsinawi, Bafillacen Katsina, wanda ya tafi aikin hajji ya zauna Masar, ya rubuta Durrul Manzum a kan sihiri da ɗalasimai da taurari, ya kuma yi rubutu a kan lissafin hatimi wanda masana lissafi ke ambato har yau. Shi hatimi, in ka cire tsoro, lissafi ne. Ka zana gida tara, ka sa 4 da 9 da 2 a sama, 3 da 5 da 7 a tsakiya, 8 da 1 da 6 a ƙasa. Ko ta ina ka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, 15 za ka samu. Ɗan firamare ma zai iya. To, wannan malami da ya san fannin ciki da waje, ya rasu a Alƙahira wajen 1741 yana baƙo a gidan wani malami, Hasan al-Jabarti, kuma abin da aka san ya bari shi ne littattafai. Ba a ji labarin akwatunan zinariya ba.

Kada kuma ka ɗauka mu kaɗai ne. Turawa ma sun sha wannan wahala. A Ingila, zamanin Sarauniya Elizabet ta Farko, an yi wani masani mai suna John Dee, gwanin lissafi da taurari, wanda har fada ake shawara da shi. Daga 1582 ya haɗu da wani Edward Kelley da ya ce yana ganin mala'iku cikin dutse mai ƙyalli, yana kuma iya mayar da ƙarfe zinariya. Suka yi shekaru suna kiran ruhohi, shi Kelley na gani yana faɗi, shi Dee na rubutawa, suka yi ta yawo fadojin sarakunan Turai. Ƙarshenta Kelley ya mutu yana tsare a hannun sarkin da ya gaji da jiran zinariya, Dee kuma ya koma gida ya mutu cikin talauci. Ka lura, a can ma mutum ɗaya ne ke gani, ɗayan kuwa sai dai a gaya masa.

Mu Musulmi mun yi imani akwai aljanu, sura guda ce da sunansu a Alƙur'ani. Sai dai Littafin da ya gaya mana akwai su, shi ne ya gaya mana iyakarsu. Ka tambayi limaminku labarin rasuwar Annabi Sulaimanu, Alaihis Salam, a Suratu Saba'i. Ya cika yana dogare da sandarsa, aljanu na ta aikin wahala a gabansa ba su san ya rasu ba, sai da gara ta ci sandar ya faɗi. Waɗanda ba su san ubangidansu ya rasu ba alhali suna kallonsa, su ne za su san abin da ke cikin aljihunka? Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuwa, wanda aka haifa a 1754 a Maratta, can wajen Galmi da ku 'yan albasa kuka sani, ya yi magana a Nurul Albab a kan masu yanka ga itatuwa da duwatsu da masu da'awar sanin gaibu ta bugun ƙasa da makamantansa, ya kuma tsananta. 'Yarsa Nana Asma'u, da ta rasu a 1864, ta yi ta jan kunnen mata a kan bori, ta tura jajis ɗinta ƙauye-ƙauye suna karantarwa. Wato a ƙasar nan taku an daɗe da yanke wannan magana.

Yanzu mu dawo ɗakin bayan gari, don a nan kuɗinka suke. Ɗan'uwa, abin da ka gani ba bori ba ne, ba kuma karatun littafi ba ne. Damfara ce, kuma tsohuwar hanya ce da ake bi daki-daki. Bari in warware maka ita.

Ka ce murya ta faɗi sunan mahaifiyarka da yawan buhun da ka sayar. Wa ya kai ka wurin? Wanda kuka saba da shi a kasuwa. Shi yana nan tsaye ran Lahadi aka loda buhunanka, ya ƙirga su da idonsa, sunan tsohuwa kuwa ko yaron gidanku aka saya wa ƙosai zai faɗa. Irin wannan mutum ɗan kamasho ne, yana da kasonsa a cikin 600,000 ɗinka. Ka yi haƙuri, na san da zafi, amma shi ne rauhanin farko.

Muryar kuwa, a da tiyo ake bi da shi ta cikin bango ko ta rufin ɗaki, wani ya zauna a waje ya toshe hanci yana magana, ko a sa baki cikin tulu don murya ta yi kauri. Yanzu abin ya yi sauƙi, waya da 'yar ƙaramar lasifika a cikin azara sun isa. Don haka ne ake kashe fitila, don haka ne ake cika ɗaki da hayaƙi har ido ya yi ruwa. Ruwan da aka ba ka ka sha ne ya fi ba ni tsoro. Kowane manomi ya san zaƙami, wanda wasu ke kira haukata-yaro. Kaɗan daga 'ya'yansa na sa baki ya bushe, ido ya buɗe, mutum ya riƙa ganin abin da babu, in ya yi yawa kuwa kisa yake yi. Ban ce shi aka ba ka ba, amma dai kada ka sake shan komai daga hannun mutanen nan. Wanda ya yi maka alkawarin hauka yana da hanyar cika alkawarinsa ba tare da aljani ba.

Naira 20,000 da suka zama 40,000 fa? Wannan tsaba ce aka watsa wa kaza. Ya ba ka 20,000 daga aljihunsa, ya karɓi 600,000. Kai ɗan kasuwa ne, yi lissafin ribar da kanka. Turaren da aka ce bai kai ba, ina da yaƙinin an faɗa maka wurin mutum ɗaya da za ka same shi, da tsada kuma. Shi ma nasu ne. Kwana 21 da aka ɗiba, lokaci ne na tatsar abin da ya rage da kuma ɗaure kaya. Sharaɗin kuma kullum ana gina shi yadda in abu ya ɓaci laifin zai dawo kanka: ka buɗe da wuri, ka gaya wa wani, turarenka bai kai ba. Akwatin nan, in ka buɗe shi, abin da aka saba tararwa shi ne takardu yankakku daidai girman kuɗi, wataƙila da 'yan na gaske a sama. An ce maka kuɗin za su koma takarda ne domin tun farko takarda aka zuba.

Ga wata magana da nake so duk mai saurare ya riƙe. Ka ciro naira 1,000 daga aljihu ka duba, za ka ga lamba a jikinta, kowace takarda da tata. Babban Bankin Nijeriya ke fitar da naira. Sefa kuma ta babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma ce, mai hedkwata a Dakar. To, kuɗin da aka ce aljani zai kawo, ɗayan biyu ne. In lambarsu ta gaskiya ce, daga akwatin wani aka ɗauko su, sata ke nan. In kuwa ba ta gaskiya ba ce, jabu ne, kuma kai za a kama da su a kasuwa. Sa'an nan ku tuna farkon shekarar 2023, bayan an sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, lokacin da mutane suka riƙa kwana a bakin banki, mai tumaki ya kai kasuwa ya rasa mai tsabar kuɗin saye. Ina masu rauhanai suka shiga a watannin nan? Da su aka bi layi. Dattawa kuma za su tuna canjin kuɗi na 1984, da aka rufe kan iyaka, haka aka yi.

Zaman ku a bakin iyaka shi ya sa irin waɗannan baƙi ke son wajenku. Daga Illela zuwa Ƙwanni ɗan taƙi ne a kan babur. In ta yi zafi a nan ya ƙetara, in ta yi zafi can ya dawo, yau ya ce daga Barno ya fito, gobe ya ce daga Agadas. Ga kuma kasuwa mai tara tsabar kuɗi, ta dabbobi da ta hatsi da ta albasa, inda mutum kan riƙe kuɗin mutum goma a aljihu ɗaya. Wasunsu ma yanzu ba sa wahalar kama ɗaki, sai su bugo waya da tsakar dare da wata irin murya, su ce sarkin aljanu ne ke magana, a tura kati ko a tura kuɗi ta asusu. Aljani mai asusun banki! In an bugo muku irin wannan, ku kashe waya ku koma barci.

Saura rantsuwa, don na san ita ce ta fi damunka. An ce in ka faɗa wa wani za ka haukace. To, ga shi ka faɗa mini, ni kuma na karanta wa duk mai rediyo daga Sakkwato har Tawa, kuma wasiƙarka ta mai cikakken hankali ce. Game da dafa Alƙur'ani kuwa, ka je wurin limamin garinku ko wani malami da aka san gidansu da malamansa, ka faɗa masa komai. Zai yi maka bayanin rantsuwar da aka ɗora wa mutum don a rufe zalunci, da kaffarar da ke kanta in akwai. Wannan ba abin da zai hana ka barci ba ne.

Abin yi yanzu, kada ka koma ɗakin nan kai kaɗai, kada kuma ka nuna wa wanda ya kai ka cewa ka farga. In ya tambaya ka ce kana neman mai sayen shanu. Yau ɗin nan ka sami yayanka ko wani babba da ka amince da shi, ku je wurin mai gari, daga nan ku wuce ofishin 'yan sanda na Illela da akwatin a kulle yadda aka ba ka, a buɗe shi gaban hukuma. In ta waya ka tura wani abu daga cikin kuɗin, kada ka goge saƙon, lambar asusun nan shaida ce babba. Dokar Nijeriya ta hana damfara ta shekarar 2006 ta ambaci wannan aiki ƙarara, wato mutum ya ce yana iya ninka kuɗi ta hanyar tsafi ko kiran wani abin da ba a gani, kuma hukuncinsa ɗauri ne na shekaru. Hukumar EFCC ma tana da ofishi a Sakkwato. In kuwa ya riga ya ƙetara, sai a kai maganar ga jandarmomin Ƙwanni, kuma a nan masu gari na ɓangarorin biyu sun fi kowa amfani, tunda 'yan'uwan juna ne.

Ba zan ruɗe ka ba, mai yiwuwa ne kuɗin nan ba za su dawo duka ba, mai yiwuwa ma ko kaɗan. Irin waɗannan mutane ba sa ajiya. Saboda haka maganar masu albasa ita ce a gabanka. Naira 300,000 ta mutane na wuyanka, kuma su ma da ita za su sayi taki. Ka je ka same su tun ba su zo sun same ka ba, da babban nan naka a gefenka, ka faɗi abin da ya faru ba ƙari ba ragi. Za a yi faɗa, za a yi maka dariya a majalisa mako biyu ko uku, wannan babu makawa. Amma ka roƙi a yanka maka biya kashi-kashi, a gaban shaidu, a rubuta. In kana da 'yar albasa a rudu, ka san yadda farashinta ke ɗagawa in ta yi ƙaranci a kasuwa, sai ka jingina wani kashi a kanta. Shanun nan biyu kuwa, in ruwa ya sauka, bayan ka gama taka gonar kana iya yi wa mutane huɗa a biya ka, ko ka yi wa masu binka a rage daga bashin. Ka ga dalilin da na ce su zauna a turke.

In kuma bayan ruwan nan da ka sha kana jin kanka ba daidai ba, ko barci ya ƙaurace maka, ko kana jin muryoyi, kada ka ce rauhani ne ya biyo ka. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kware, a kan hanyarku ta zuwa Sakkwato, ka tsaya likita ya duba ka, ka kuma gaya masa abin da aka ba ka.

Muna jiran wasiƙarka ta biyu, ka gaya mana abin da aka tarar a cikin akwatin da yadda kuka ƙare da masu albasa. Akwai wata baiwar Allah daga wajen Gwadabawa da ta aiko tana tambaya a kan 'yarta mai faɗuwa, wasu sun ce a yi girka, wasu sun ce ruƙiyya. Hajiya, lokaci ya ƙure mana yau, taki ce ta farko mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, amma kafin nan a nisanta yarinyar da wuta da bakin rijiya.